Ɗan'iya Mai Hoton Karnuka

A unguwar Manfuha da ke kudancin Riyad, a shekarun casa'in, idan ka tambayi Bahaushe ina Ɗan'iya direba, sai ya ce maka wanne daga ciki, don su biyu ne. Amma idan ka ce mai hoton karnuka, ko mai shagon kayan miya da ke ƙasan benen da yake zaune zai nuna maka ƙofa. Ba shi ya zaɓi sunan ba. Abokan ɗakinsa ne suka fara da tsokana, sunan ya bi shi har ya zamanto yana amsawa da fara'a.

Mutumin Ƙaura Namoda ne, dogo, siriri, mai saurin baki, wanda in yana ba da labari hannuwansa ba sa zama wuri ɗaya. Mahaifinsa mafarauci ne, don haka cikin karnuka ya buɗe ido. Ya yi karen mota, ya yi tuƙin tasi tsakanin Gusau da Sakkwato, sannan a shekarar 1992 wani ɗan'uwansa ya samo masa biza ta direban gida. Ya bar matarsa Zaituna da 'ya'ya biyu, ya hau jirgi karo na farko a rayuwarsa.

Kafil ɗinsa, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, wani dattijo ne a unguwar Nasiriya da ake kira Abu Rayyan, tsohon ɗan kasuwar kayan gini da ya miƙa wa 'ya'yansa harka ya koma gefe. Ranar da Ɗan'iya ya fara aiki, maigadi na zagayawa da shi yana nuna masa gareji da famfon wanke mota, sai ya hango wata karya kwance a inuwar dabino can ƙuryar farfajiya. Ruwan ƙasa ce, ƙafafunta dogaye, ƙugunta a tsuke, gashi mai laushi na zubowa daga kunnuwanta. Irin karnukan farautar Larabawa ce da ake kira saluƙi.

Maigadin ya yi masa nuni da hannu cewa kada ya matsa, ba ta son baƙo. Ɗan'iya bai saurare shi ba. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya kawar da fuskarsa gefe, ya yi wani ɗan fito ƙasa-ƙasa irin wanda mahaifinsa ke yi. Karyar ta ɗaga kai. Ta miƙe a hankali, ta zo ta shinshina tafin hannunsa, ta koma ta kwanta kusa da ƙafarsa.

Ashe dattijon na tsaye a bakin ƙofa yana kallo.

"Ka san karnuka, ɗana?" ya tambaya da Larabci.

Ɗan'iya ya harhaɗa ɗan Larabcin da yake da shi a lokacin ya ce, "A cikinsu na girma, Ammi," wato baffa da Larabci.

"Sunanta Risha," in ji dattijon. "Daga yau kai za ka riƙa kai mu jeji."

Haka aka fara. Kowace Alhamis da safe, Ɗan'iya zai ɗauki dattijon da Risha a jif su nufi jejin Sumama da ke arewacin gari. A can ake kwance mata igiya. Ɗan'iya ya ga karnuka masu gudu a dajin Zamfara, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Takan naɗe jikinta ta buɗe, ta naɗe ta buɗe, kafin ka ƙifta ido ta zama ɗigo a ƙarshen fili. Yakan dawo Manfuha ya ishi abokan ɗakinsa da labari, yana kwatanta gudun da hannu har sai an ce masa ya bari a ci abinci.

Maganar hoto kuwa Zaituna ce ta jawo ta. Ta aiko masa da kaset ta hannun wani mai zuwa Umara, a ciki tana cewa ƙaramar 'yarsu ta fara manta fuskarsa, ya taimaka ya aiko da hoto. Zai iya shiga shago a ɗauke shi a gama. Amma ranar Juma'a bayan la'asar ya bi ta kasuwar gwanjo, ya ga wata tsohuwar kyamara ta ƙarfe, mai nauyi, a kan shimfiɗar wani Bayamane tsakanin agogo da kan tukunyar gas. Ya ɗaga ta ya kara a ido, ya ga kasuwar gaba ɗaya ta shige cikin ɗan akwati. Bai iya ajiye ta ba, sai da ya saye ta.

A ɗakinsu akwai Mudassir, Bazazzage mai sanyin hali da ke aiki a wani shagon wankin hoto a Baɗaha. Shi ya juya kyamarar, ya hura mata iska, ya ce lafiyarta ƙalau. Ya nuna masa yadda ake sa fim, da yadda ake murza gilashin har abu ya fito sarai.

Da aka wanke fim ɗin farko, Mudassir ya dawo da ambulan yana danne dariya. Ya baje hotunan a kan tabarma.

"Mutumina, wannan mene ne?"

"Risha ce."

"Ni dai ƙura nake gani. Wannan fa?"

"Wutsiyarta ce, ka duba da kyau."

Hoton Ɗan'iya kansa guda ɗaya ne tak, maigadi ya ɗauke shi ya yanke masa rabin hula. Ya haɗa shi da waɗanda Risha ta fito a kwance ya aika gida. Bayan wata biyu kaset ya dawo. Muryar Zaituna ta ce, "Maigida, mun ga saƙo, mun gode. Sai dai yara suna tambaya ko kiwon kare ka tafi yi Saudiyya. Kai sau ɗaya, karya kuwa kamar ita ce uwargidan." Aka yi ta dariya a ɗakin, daga ranar kuma sunan ya kama shi.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Malam Buraima, babba a ɗakin, magini ne da ya daɗe a ƙasar, ya kira shi gefe ya ce, "Ɗan'iya, ka zo ƙasa mai tsarki ka ɓuge da bin kare da kyamara? Ka san hukuncin yawunsa."

"Na sani, Malam. Ina wankewa yadda aka ce. Kuma ta farauta ce, ba ta shiga ɗaki."

Malam Buraima ya girgiza kai ya ce to Allah ya kyauta, amma kada a ajiye masa hotunan a gefen da yake salla. Ɗan'iya ya samo kwalin takalmi ya riƙa zubawa a ciki, yana turawa ƙarƙashin gado.

Abin da yake nema guda ɗaya ne. Idonsa ya sha gaya masa cewa in Risha ta kai ƙarshen gudunta, akwai wani ɗan lokaci da ƙafafunta huɗu duka ba sa taɓa ƙasa. Yana so ya kama wannan lokacin ya riƙe a hannu. Mudassir ya ba shi shawarar fim mai saurin ɗaukar haske, ya nuna masa ɗan maɓallin da ake juyawa don kyamara ta ƙifta da sauri. Sauran kuma shi ya gano da kansa a jeji, Alhamis bayan Alhamis: kada ya tsaya cak yana jiran ta shigo, ya bi ta da kyamarar yana juya ƙugunsa, ya danna ba tare da ya daina juyawa ba. Hotuna suka fara kyau. Kai ya fito, ido ya fito, har tsokar cinya. Amma kullum ƙura na rufe ƙafafun, don ƙasar Sumama busasshiya ce, in karya ta taka sai ta tashi.

Abu Rayyan kan zauna a kan darduma da butar gahawarsa yana kallonsu su biyu. Da farko dariya yake yi. Daga baya shi ke tambaya, "An wanke na makon jiya?" Yakan sa tabarau ya daɗe yana duba kowane hoto.

Cikin sanyin shekarar 1995, suna dawowa daga jeji, dattijon ya ce, "Risha ta fara manyanta. Duwatsun nan na cin ƙafarta. Ka taɓa ganin teku, ɗana?"

"Ta tagar jirgi kawai, Ammi, shi ma gajimare ya rufe."

"Mahaifiyata mutuniyar Hasa ce. Ina yaro ana kai ni Uƙair, bakin ruwa. Akwai rairayi mai laushi, in ruwa ya janye za ka yi tafiya har ka gaji ba ka ga dutse ba. Alhamis mai zuwa ka cika tanki."

Wannan makon Ɗan'iya bai bar kowa ya huta ba. Ya goge kyamara, ya sake gogewa. Ya tambayi Mudassir ko gishiri na ɓata fim. Ya tambayi Malam Buraima, wanda ya taɓa aiki a Jidda, ko gaskiya ne ba a hango ɗaya gaɓar. Malam ya ce masa ya je ya gani, ya daina cika wa mutane kunne.

Suka tashi bayan sallar asuba. Hanya ta miƙe gabas, ta ratsa jan rairayi mai tuddai, Risha na kwance a baya a kan bargo. Suka wuce gonakin dabino na Hufuf, suka sake shiga fili fetal. Can wajen hantsi Ɗan'iya ya sauke gilashi, sai wani ƙamshi da bai sani ba ya bugi hancinsa, danshi-danshi da gishiri. Risha ta miƙe tsaye tana kaɗa wutsiya. Suka hau wani ɗan tudu, ƙasa ta ƙare.

Ya taka birki ba tare da an ce masa ba. Ruwa ne shuɗi a nesa, kore a kusa, ya tafi har ya haɗe da sama babu layin da ya raba su sosai. Babu gida, babu mutum, sai wani tsohon gini da ya zube can gefe da wasu ƙananan ciyayi da iska ke kwantarwa. Ya fito daga motar ya bar ƙofa a buɗe, ya bar kyamara a kan kujera, ya gangara har ruwan ya taɓa yatsunsa. Ya ɗebo da tafi ya ɗanɗana, ya tofar, ya fashe da dariya shi kaɗai.

"Ammi, ashe da gaske ne," ya ce da ya dawo. "Duk wannan gishiri ne?"

"Duka," in ji dattijon. "Ɗauko kyamararka, ruwa na janyewa."

Lallai kuwa yana janyewa. Cikin ɗan lokaci ya bar wani shimfiɗaɗɗen rairayi jiƙaƙƙe mai ƙyalli, wanda sama ke fitowa a cikinsa kamar madubi. Can gaba, inda ruwan bai wuce idon sawu ba, wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da wuya, farare da ɗan ja-ja a fikafikai, suna tsaye sun duƙar da kai suna kiwo. Ɗan'iya ya fara da su. Ya ɗauki gaɓar, ya ɗauki zanen da ruwa ya bari a kan rairayi, ya ɗauki wani karyayyen kwale-kwale da rairayi ya binne rabinsa. Sai da ya tuna fim ɗaya ya rage masa sannan ya tsaya.

A nan dabarar ta zo masa. Nan babu ƙura. In Risha ta yi gudu a kan wannan jiƙaƙƙen wuri, ba abin da zai ɓoye ƙafafunta. Ya sa sabon fim, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya ce wa dattijon ya riƙe ta sai ya ɗaga masa hannu. Ya shiga ruwa ya yi nisa, ya tsaya ta gefen da rana ke bayansa, ya durƙusa har rigarsa ta jiƙe. Sanyin ruwan ya ratsa shi, bai damu ba. Ya ɗaga hannu.

Risha ta ɗan tsaya tana taka jiƙaƙƙen rairayin da shakka, tana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Sai ta hango tsuntsayen. Kunnuwanta suka koma baya, ta fizga. Ɗan'iya ya kama ta a cikin gilashi ya bi ta. Ya danna, ya ja fim, ya danna. Ta shiga ruwan, feshi na tashi ta gefenta biyu. Tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya da ƙara, sama ta cika da fikafikai. Tana wucewa daidai gabansa ya danna, yana ci gaba da juyawa, ya juya har gwiwarsa ta zame a cikin laka ya faɗi ta baya. Ruwa ya rufe masa ƙirji ya shiga kunnensa, amma hannunsa na dama na miƙe sama da kyamarar, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Ya taso yana tari yana dariya. Daga gaɓa dattijon ma dariya yake yi har ya dafa mota. Risha ba ta kama komai ba. Ta dawo a hankali, harshe a waje, ta girgiza jiki ta watsa wa maigidanta ruwa a farar riga.

"Ka samu?" dattijon ya tambaya.

"Ban sani ba, Ammi. Ina jin na samu. Wallahi ban sani ba."

Suka ci shinkafa da kifin da suka saya a hanya, Ɗan'iya na lulluɓe da bargon Risha don kayansa na shanye a kan mota. Duk tsawon hanyar komawa fim ɗin na aljihun gabansa, jifa-jifa yana taɓawa.

Shagon su Mudassir ba ya buɗewa ranar Juma'a sai bayan la'asar. Tun kafin a ɗaga ƙofar Ɗan'iya na tsaye a waje. Mudassir ya karɓi fim ɗin ya sa a inji, ya ce masa ya zauna. Bai zauna ba. Ya tsaya a bakin injin inda hotuna ke faɗowa da ɗuminsu. Na farko Risha na nesa. Na biyu feshi ya rufe ta. Na uku rabin jikinta ya fita. Ɗan'iya ya fara cizon leɓe. Sai wani ya faɗo, Mudassir ya riga shi ɗauka, ya ƙura masa ido.

"Ba ni mana."

"Tsaya tukuna," in ji Mudassir, murya ƙasa-ƙasa. "Kai ka ɗauki wannan?"

Risha ce a miƙe sambal a cikin iska, ƙafafun gaba sun yi gaba, na baya sun yi baya, babu ko ɗaya a ƙasa. A ƙarƙashinta, cikin jiƙaƙƙen rairayin, ga wata Rishar a kife tana gudu tare da ita. Bayanta tsuntsaye sun zama zane-zanen fari da ja, teku kuma ya zama shuɗin layi. Idonta ya fito sarai, har ɗigon ruwa a gashin kunnenta.

Ɗan'iya ya karɓa da hannu biyu. Ya fita waje da shi, ya dawo, ya nuna wa mai shagon, ya nuna wa wani Basudane da ya zo karɓar hoton fasfo, ya rungume Mudassir. A ɗaki, Malam Buraima ya karɓa ya nisanta shi da idonsa, ya daɗe, sannan ya ce, "Tabarakallah. Halittar Ubangiji ke nan." Ya miƙa masa ya ƙara da cewa a dai mayar da shi kwali.

Abu Rayyan ya sa aka yi masa babba. Bai rataye shi a bango ba, don ba ya rataye hoton mai rai a gidansa. Ya ajiye shi a cikin wata jakar fata a ɗakin baƙinsa, duk baƙon da ya zo shan gahawa sai an ciro an nuna masa. Cikin abokansa akwai masu saluƙi, kowa kuma na ganin tasa ta fi gudu. Nan da nan aka fara roƙon dattijon ya ara musu direbansa ranar hutu. Ya yarda, da sharaɗin Alhamis ta Risha ce.

Daga nan labari ya bazu. Wani injiniya Bature da ke zaune a rukunin gidajen kamfani ya kira shi ya ɗauki wani ƙaton karensa mai gashi da ke tsoron kyamara. Ɗan'iya ya yini yana wasa da shi kafin ya ɗaga ta. Wata Hajiya Khairat, matar wani ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya, ta kira shi ɗaukar hoton sunan jikarta, ta ce ta ji an ce wanda ya iya tsayar da kare a iska ba zai kasa tsayar da yara ba. Ta haka ya shiga ɗaukar bukukuwan Hausawan Riyad, amma in ka tambaye shi, zai ce maka wannan na cefane ne.

Teku kuwa ya shiga ransa. Duk wanda zai je gabas da karensa, Ɗan'iya na cikin mota. Ya koma Uƙair a lokacin zafi, ya ga ruwan ya kwanta lamo kamar mai. Ya je wata gaɓa arewa da Jubail ranar da iska ke kaɗawa, igiyar ruwa na dukan duwatsu tana tashi sama da tsayin mutum, mai karen ya ƙi fitowa daga mota, shi kuwa ya kwanta rub da ciki a kan dutse ya ƙarar da fim biyu babu kare ko ɗaya a ciki. Sau ɗaya wani abokin dattijon ya kai shi har Bahar Maliya, inda duwatsu ke gangarowa su faɗa cikin ruwa. Ya dawo ya yi wata guda yana ba da labarin launin ruwan.

Risha ta rasa ƙarfinta sannu a hankali, ta mutu a inuwar dabinonta a shekarar 1998. Ɗan'iya da maigadi suka binne ta a jeji, dattijon na tsaye da sandarsa. Bayan shekara guda Abu Rayyan ya koma zama wurin babban ɗansa, ya daina fita. Ya kira Ɗan'iya ya ce in yana son ya mayar da shi hannun wani kafil zai yi. Ɗan'iya ya yi godiya ya ce gida yake so, yara sun girma, kuma yana da niyyar buɗe shagon hoto a Gusau.

Mudassir ne ya raka shi filin jirgi. A wurin awo aka ce kayansa sun yi nauyi, sai ya rage. Ya buɗe babbar jakar a tsakiyar mutane. Rabinta kwalaye ne na hotuna da nagatif, wato fim ɗin da aka wanke, an ɗaure da roba. Ya dube su, ya dubi sauran kayan. Ya ciro bargo mai laushi, ya ciro tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, ya ciro takalma da dardumar ɗaki, ya jibga wa Mudassir a hannu.

"Ka kai wa su Malam, ku raba."

"Kai fa me za ka ce a gida?"

"Zan ce sun yi nauyi," in ji Ɗan'iya, yana zuge jakar. Ya ɗora ta a kan sikeli, ma'aikacin ya duba ya ɗaga masa hannu ya wuce. Ya gyara igiyar kyamarar a wuyansa, ya tambayi ma'aikacin ko akwai sauran kujera a gefen taga.